Gayyar da Ba a Dafa wa Tuwo: 'Yan Sa-kan Kashe Wutar Daji a Ƙasar Tamale

Da zarar damina ta ɗauke a ƙasar Dagomba, wajen ƙarshen watan Oktoba, ciyawar da ta yi tsawo har tana shanye mutum sai ta fara yin ja. Kafin Disamba iskar hunturu ta gama busar da ita ƙayau. Daga nan duk matafiyin da ya bar Tamale, ko ya nufi Yendi, ko Savelugu, ko Salaga, ba zai rasa ganin hayaƙi yana tashi a wani gefen hanya ba, shirwa na shawagi a kansa tana cafkar farin da wuta ta koro. Da dare kuwa sai a hango jan layi a nesa yana tafiya sannu a hankali. A ƙarƙashin wannan hayaƙi akwai shinkafar da ba a riga an yanka ba, da doyar da aka tara a gona, da itatuwan kaɗanya da ɗorawa waɗanda mata ke jiran 'ya'yansu.

Waɗanda ke fara fuskantar wannan wuta mutanen ƙauye ne, ɗauke da adduna da ɗanyun rassan itace. Daga cikinsu akwai waɗanda hukuma ta horar ta kuma ba su suna, wato 'yan sa-kan kashe wutar daji. Ƙasar Ghana ta yi dabara da ta ɗora wannan aiki a wuyan mutanen karkara, domin babu wanda zai iya shi sai su. Inda ta yi kuskure shi ne ɗaukar da ta yi cewa aikin sa-kai aiki ne da ba ya cin kuɗi. Ta kira gayya, ta manta da tuwon gayya.

Asalin al'amarin

Babu mai fahimtar dokokin wutar daji na Ghana sai ya koma shekarar 1983. Fari mai tsanani ya faɗa wa ƙasar tun daga 1982, wuta ta bi bayansa ta cinye dazuzzuka da gonakin koko na kudu da hatsin arewa. Masu binciken Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya sun ƙiyasta cewa kimanin kashi 35 cikin ɗari na amfanin gona da hatsin ajiya ya salwanta. A farkon wannan shekarar kuma gwamnatin Shehu Shagari ta kori baƙi marasa takardu daga Nijeriya, 'yan Ghana wajen miliyan ɗaya suka dawo gida suka tarar da rumbu wayam. Yunwa ta kai ga ƙashin wuyan mutane ya fito fili, har aka yi masa laƙabi da sarƙar Rawlings.

Gwamnatin soja ta Jerry Rawlings ta mayar da martani da doka. A 1983 ta kafa dokar hana ƙona daji mai lamba 46, sannan a 1990 ta maye gurbinta da doka mai lamba 229. Wannan ta biyun ta haramta tayar da wutar daji, ta tanadi tara ko ɗauri ko aikin al'umma ga wanda ya karya ta, ta umarci majalisun gundumomi su kafa kwamitin kula da wutar daji, ta kuma ce a kafa rukunin 'yan sa-kai a garuruwa da ƙauyuka. Horar da su aka ɗora wa Hukumar Kashe Gobara ta Ƙasa, wadda aka kafa tun 1963. Dokar da ta sabunta hukumar a 1997, mai lamba 537, ta sake jaddada wannan nauyi. A 2006 aka fito da manufar ƙasa kan kula da wutar daji. A takarda dai babu abin da ya rage.

Me ya sa sai mutanen ƙauye

Bahaushe idan ya ce 'yan kwana-kwana, abin da ke zuwa masa a rai shi ne jar mota mai jiniya da mesa, tana ratsa titin birni zuwa kasuwar da ta kama. An ƙera wannan mota domin gobarar gida da ta shago, inda wutar ke wuri guda, hanya ta kai wurin, kuma akwai famfon da za a sake cika tanki. Wutar daji ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan sharuɗɗa. Tana iya shimfiɗuwa tsawon kilomita da yawa, tana gudu gwargwadon ƙarfin iska, kuma takan tashi a fadamar da ko babur da ƙyar yake shiga. Tsakanin Tamale da Yendi kaɗai akwai kusan kilomita 100. Kafin a raba Yankin Arewa gida uku a 2019, faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 70,000, kusan sulusin ƙasar baki ɗaya. Tamale kanta, wadda ke shan ruwan da ake janyowa daga kogin Farin Volta ta matatar Dalun, ta saba da ƙarancin ruwa a lokacin rani. Ko da kowace gunduma ta sami motoci goma, ba za su riga wutar isa gona ba.

Ita wutar ciyawa ana cin ƙarfinta ne tun tana ƙarama, ko kuma tun kafin ta tashi. Babban makamin yaƙi da ita shi ne share fili mai faɗin 'yan taku a kewayen gona ko kurmi, ta yadda idan ta iso ba za ta sami abin ci ba. Na biyu shi ne bugun gefenta da ɗanyen reshe ko da mabugin roba, ana matse ta har ta mutu. Na uku, wanda ya fi haɗari, shi ne a kunna mata wata wutar daga gaba domin su haɗu su cinye juna. Kowanne daga cikin ukun yana buƙatar mutumin da ya san inda iska ke juyawa da la'asar, ya san rafin da bai ƙafe ba, ya san gonar wane ce ba a girbe ba. Irin wannan sani ba a koyar da shi a makarantar horar da jami'ai. Manomin Tolon ko na Karaga da shi ya tashi.

Ƙasashen da suka fi Ghana arziki ma a kan wannan turba suke. Jamus tana da 'yan sa-kan kashe gobara kimanin miliyan ɗaya, sun ninka ma'aikatan albashi sau da yawa. Jihar New South Wales ta Ostareliya tana da hukumar kashe wutar karkara mai 'yan sa-kai wajen 70,000. Saboda haka dogaro da ɗan sa-kai ba alamar talauci ba ce. Abin dubawa shi ne abin da kowace ƙasa ke miƙa masa kafin ta tura shi bakin wuta.

Sa-kai da gayya

Kalmar sa-kai tana nufin mutum ya sa kansa cikin aiki ba tare da an tilasta masa ba. Kalma ce mai kyau, amma tana kallon ɓangare ɗaya kawai, wato mai yin aikin. Hausa tana da wata tsohuwar kalma da ta fi ta cika, ita ce gayya. A gayya, mai gona yakan sanar da sarkin noma ko shugaban samari, a sa rana, samari su zo da fartanyoyinsu su yi noma ba da lada ba. Sai dai kowa ya san mai gayya ba ya zama hannu rabbana. Shi zai kawo fura da tuwo da goro, shi zai sallami makaɗi, kuma ranar da aka kira gayyar wani dole a gan shi a can. Babu ƙwandala da ke shiga aljihun ɗan gayya, amma aikin yana da farashi, kuma an san wanda ke biya. Wanda ya tara mutane ya bar su da yunwa, baɗi ko ya aika babu mai amsa masa. Dagomba ma suna da irin wannan noma na taimakon juna, don haka ba baƙon tunani ba ne a ƙasar Tamale.

Idan aka auna tsarin 'yan sa-kan wuta da wannan ma'auni, giɓin a fili yake. Kowace shekara, gabanin hunturu, akan ƙaddamar da gangamin yaƙi da wutar daji. Akan yaye sababbin 'yan sa-kai, su yi fareti, manya su yi jawabi, a ɗauki hoto. Bayan haka kukan da ake ji daga bakinsu, har ma daga bakin jami'an da suka horar da su, kusan ɗaya ne shekara da shekaru: babu takalman roba masu dogon wuya, babu adduna da mabugai, babu abin hawa, babu wani tanadi ga wanda ya ji rauni. Mutumin da ya shiga ciyawa mai ci da silifas yana fuskantar ƙuna da sarar maciji, domin wuta na koro macizai zuwa wajen masu bugunta. Idan ya kwanta jinya, gonarsa ce za ta lalace, iyalinsa ne za su nemi kuɗin magani. Kuma lokacin wutar ya zo daidai da lokacin girbi, sa'ad da yini guda ke da tsada ga manomi. Ba abin mamaki ba ne rukunin da aka yaye da ɗoki ya watse bayan shekara biyu ko uku, samarinsa su tafi Kumasi ko Accra neman kuɗi, sunayensu su rage a littafin ofis kawai.

A Jamus, ɗan sa-kai yana da inshorar haɗari, kuma idan ya bar wurin aikinsa ya tafi kashe gobara ba a yanke masa albashi, ƙaramar hukuma ce ke mayar wa ubangidansa abin da ya biya. A Ostareliya, lokacin babbar wutar 2019 zuwa 2020, da aka ga 'yan sa-kai sun shafe makonni ba su koma sana'arsu ba, gwamnatin tarayya ta amince a biya wasunsu diyya har dalar ƙasar 6,000. Babu mai cewa Ghana ta yi daidai da waɗannan a yawan kuɗi. Ƙa'idar ce abin koyi: wanda ya ba da ƙarfinsa kyauta, kada kuma a bar shi ya biya asarar daga aljihunsa.

Hujjar masu ja

Akwai masu ganin cewa da zarar kuɗi ya shigo, sa-kai ya mutu. Suna cewa za a cika rukunin da 'yan siyasa da 'yan'uwan masu gari, kuma idan ana biya bisa yawan wutar da aka kashe, wani zai kunna da dare ya zo ya kashe da safe. Wannan tsoro yana da tushe, kuma shi ya sa bai kamata a nemi albashi ko ladan kowace gobara ba. Abin da ya dace ya fi haka sauƙi. Na farko kayan aiki, a ajiye su a hannun rukuni, a riƙa ƙirga su duk shekara. Na biyu, majalisar gunduma ta biya wa kowane ɗan sa-kai kuɗin rajistar inshorar lafiya ta ƙasa, wadda aka kafa tun 2003, ta kuma ware diyya ga wanda ya nakasa ko iyalan wanda ya rasu a bakin aiki. Na uku, idan za a ba da lada, a ba ƙauyen da ya fita rani bai ƙone ba, a ba shi a matsayin abin amfanin kowa, kamar rijiyar burtsatse ko injin niƙa. Ta haka riba tana ga wanda ya hana wuta tashi.

Wasu kuma za su ce babu kuɗi. Tsarin mulkin Ghana na 1992 ya wajabta a ware aƙalla kashi 5 cikin ɗari na kuɗin shigar ƙasa ga asusun majalisun gundumomi. Gaskiya ne kuɗin kan makara, kuma buƙatu sun yi masa yawa. Amma kuɗin takalma da adduna na mutum ashirin bai kai darajar shinkafar fadama guda ba, kuma idan fadamar ta ƙone hukumar agajin gaggawa ce za ta zo da buhunan tallafi waɗanda su ma daga baitulmali suke fitowa. Ana biyan kuɗin ko ta yaya. Zaɓin kawai shi ne a biya kaɗan a Oktoba ko a biya da yawa a Fabrairu.

Ba kowace wuta ce gobara ba

Akwai matsala ta biyu da ta fi ta kayan aiki zurfi. Hausa ta bambanta wuta da gobara. Wuta abar aiki ce, da ita ake dafa abinci, da ita maƙeri ke sarrafa ƙarfe. Gobara ita ce wutar da ta ƙwace daga hannun mai ita. Dokar 1990, wadda aka rubuta da zafin 1983 a zuciya, ta karkata ga ɗaukar kusan kowace ƙunar daji a matsayin laifi. A dajin kudu mai duhuwa wannan yana da ma'ana. A filin ciyawa na arewa kuwa, wuta ta daɗe tana cikin rayuwar ƙasar. Makiyayi na ƙona tsohuwar ciyawa don sabuwa ta tsiro wa shanunsa, maharbi na ƙonawa don ya koro gafiya da zomo, mai gida na ƙona bayan gari don ya kori macizai, mai zuma na amfani da hayaƙi. Dokar da ta mayar da duk waɗannan masu laifi ba ta hana su kunna wuta ba. Ta sa dai suna kunnawa a ɓoye, su gudu, ba mai tsayawa ya kula da ita.

Masana daji sun daɗe da gwada wannan al'amari. A Kokondekro, kusa da Bouaké a Kwadebuwa, masanin Faransa André Aubréville ya ware filaye uku tun 1936: ɗaya ana ƙona shi da farkon rani, ɗaya da ƙarshen rani, ɗaya ba a ƙona shi sam. Bayan shekaru masu yawa, filin ƙarshen rani ya rasa yawancin itatuwansa, na farkon rani ya riƙe su, wanda aka kare ya zama kurmi. Dalilin a bayyane yake. Da farkon rani ciyawa na da sauran danshi, wutar ba ta da zafi, takan ci nan ta bar can. A Fabrairu da Maris kuwa komai ya bushe, wutar kan haɗiye ƙananan itatuwa ta lasa furen kaɗanya, wanda a daidai wannan lokaci yake fitowa. Shi ya sa ma'aikatan gandun namun daji na Mole ke yin ƙunar farkon rani da gangan.

Darasin ga 'yan sa-kai shi ne a ba su ikon tsara wuta tare da kashe ta. Rukunin ƙauye ya zauna da mai gari da manoma da makiyaya a yanke shawarar inda za a ƙona da wuri a ƙarƙashin kulawa, da inda ba za a taɓa ba, da ranar da bayanta babu mai kunna ashana a daji. Kariya ɗungum ma tana yiwuwa inda jama'a suka yarda da ita. Ƙauyen Goziiri na yankin Nandom ya yi suna a Ghana saboda shekarun da ya shafe ba ya ƙona dajinsa, bisa dokar da mutanensa suka kafa wa kansu. Kusa da Tamale kuma, kurmin Malshegu da na Jaagbo a ƙasar Tolon sun tsira ne saboda al'adar gargajiya ta tsare su tun kafin a rubuta wata doka a Accra. Abin da ya haɗa waɗannan misalai shi ne cewa masu tsaron su ne masu dokar.

Su wa ke cikin rukunin

Wutar daji a arewacin Ghana ba kullum tsautsayi ba ce. A shekarun 1970, bayan gwamnatin Acheampong ta ƙaddamar da shirin ciyar da kai a 1972, manyan ma'aikata da 'yan kasuwa da hafsoshi sun buɗe manyan gonakin shinkafa a fadamun arewa, gonakin kuma suka riƙa ƙonewa. Masanin al'adu Jack Goody ya yi rubutu a kan wannan a 1980, inda ya duba alaƙar ƙonewar da ɓacin ran talakawan da suka ga baƙi na kwashe amfanin ƙasarsu. Wutar da ƙiyayya ta kunna, mabugin roba ba ya maganinta.

Don haka yadda aka haɗa rukunin yana da muhimmanci kamar yadda aka horar da shi. Yau da wuta ta tashi, yatsa na farko Bafulatani makiyayi ake nunawa, ko da kuwa maharba ne suka fito farauta daga cikin gari. Rukunin da babu makiyayi a cikinsa zai zama rundunar manoma a kan makiyaya, kuma makiyayin da ya hango hayaƙi tun da sassafe, shi da ya fi kowa zama a daji, ba zai zo ya faɗa ba. Haka nan mata. Su ne masu tsintar kaɗanya da ɗorawa, su ke fitar da man kaɗe da daddawar da ake sayarwa a kasuwar Aboabo, su ne kuma suka fi kowa asara idan furen ya ƙone. Bai dace a bar su da ɗebo wa maza ruwa kawai ba, alhali sun san kowace bishiya a dajin.

Sannan sai an sami goyon bayan sarauta. Saurayi ɗan sa-kai ba zai iya tsayar da dattijon da ya kunna wuta ba, balle ya kai ƙarar ɗan'uwansa gaban 'yan sanda ya dawo ya kwana lafiya a gari. Amma idan dokar ta fito daga bakin mai gari da mai kula da al'adun ƙasa, da amincewar fadar Ya-Na a Yendi, limamai kuma suka ɗauke ta a huɗubar Juma'a, to ɗan sa-kai ya zama ɗan aike, ba a ganin laifinsa. Mutanen da ke fita kowace shekara a watan Cika-ciki da dubban tociloli na ciyawa domin bikin Bugum, su kai su bayan gari su jefar, ba su buƙatar wani ya koya musu cewa wuta na bin doka idan jama'a suka haɗa kai.

Mazauna cikin Tamale, har da Hausawan zango, kada su ɗauka wannan magana ta ƙauye ce. Farashin shinkafa da masara da doya a kasuwa daga waɗancan gonaki yake tasowa, kuma idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ƙungiyoyin 'yan kasuwar hatsi da masu sayen kaɗanya suna iya ɗaukar nauyin kayan aikin rukuni ɗaya ko biyu a ƙauyukan da suke saye. Jami'ar Nazarin Ci Gaba, wadda aka kafa a Tamale a 1992 kuma take tura ɗalibanta zama a ƙauyuka a wani zangon karatu, tana iya sa su taimaka wajen rubuta inda wuta ta tashi da lokacin da ta tashi, domin gundumomi su san inda za su fara.

Abin da ake nema daga majalisun gundumomin Sagnarigu da Savelugu da Kumbungu da Tolon da Mion da sauransu ba mai yawa ba ne, amma yana da lokaci. Ba a fafe gora ranar tafiya. Takalma da adduna da katin inshora su isa hannun 'yan sa-kai kafin ƙarshen Oktoba, a share kewayen gonaki kafin ciyawa ta gama bushewa, a zauna da makiyaya da maharba kafin a ga hayaƙin farko. Gundumar da ta kasa yin wannan, gara ta fasa faretin bana, ta sayi takalma da kuɗinsa.